Mutumin Silima da Matar da Ta Ɗauki Dutse

'Yar farina tun tana goye take da nauyi. Duk wadda ta karɓe ta daga hannuna sai ta gyara tsayuwa ta ce, "Ke, wai me kike ba wa yarinyar nan?" Ni kuwa sai in kau da kai kamar ba da ni ake ba. 'Yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in an yabe ta ba na amsawa, in an zage ta ba na tarewa. Haka uwata ta yi wa yayarmu, haka na tarar ana yi. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi zancenta in ce "yarinyar nan". Amma idona bai taɓa sauka daga kanta ba.

Lokacin muna zaune a bayan kasuwar Kontagora, ba a ma yanke mana jiharmu ba tukuna. Maigidana gyaran keke yake yi, in ya fita da safe sai magariba. Ni ina kulle, duniyata ita ce tsakar gida da abin da nake hangowa ta tsagar darnin kara. Kuma Allah ya yi ni da tsoro. Ina tsoron rijiya, ina tsoron kunama a cikin itace, ina tsoron ƙyanda. In babbar mota ta wuce a kan titi sai na nemi yarana da ido, alhali su biyu ne kacal, ita da jaririn da ke bayana.

Tana da kamar shekara bakwai ta fi 'yan shekara goma jiki. Tulun da nake nishi kafin in ɗaga, ita rungumo shi take yi ta kawo mini gindin murhu. A zuciyata ina jin daɗi, a bakina sai in ce, "Ke, ajiye kada ki fasa."

Daidai bayan darninmu akwai fili a ƙarƙashin wata ɗorawa. In la'asar ta yi sanyi ƙananan 'yan matan unguwa sukan ajiye farantan tallansu su yi gaɗa a wurin. Su jeru kamar bakin ƙwarya suna tafi, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya musu baya ta faɗo da ƙarfinta, su cafe ta su cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta. Wadda ke faɗowa ba ta waiwaye. Nakan kawo tsintar shinkafata kusa da darni in zauna, hannu yana aiki ido yana tsaga. In yarinyar nan ta faɗo sai na ji kamar ni ce na faɗo, har sai na ga hannuwa sun tare ta sannan in haɗiye yawu.

Maigidana yana da ƙane, yaron mota ne a wata motar gyaɗa mai zuwa Kaduna. Ina kiransa direba don tsokana, tunda ko sitiyari ba a bari ya taɓa, shi kuma yana kirana amaryata. In ya dawo daga tafiya, tun daga zaure ake jin warin mai da sallamarsa.

"Amaryata, me aka ajiye wa miji?"

"Ƙanzo. Direban da ke kwana a kan buhu ai ƙanzo ya ishe shi."

Ba ya kawo tsaraba ta kirki, amma yana kawo silima a bakinsa. Ni ban taɓa shiga gidan silima ba har yau da na tsufa, kuma ban yi hasara ba, don ban yi zaton farin bangon nan da yake faɗa ya kai shi iyawa ba. Shi ne doki, shi ne mahayi, shi ne bindiga, shi ne wanda aka harba. Ya kifa ƙwarya ya yi sukuwa da yatsunsa, ya ɗauki taɓaryata ta zama bishiya, har kiɗan da ake sa wa in abin tsoro zai faru da hanci yake yin sa. Na ƙona tuwo a kan labarinsa ba sau ɗaya ba.

Wanda ya fi kama mu shi ne labarin wani baƙo da ba wanda ya san garinsu. Wai harsashi in ya same shi sai ya lanƙwashe ya faɗi ƙasa kamar ƙwallon dabino. Yana dirowa daga kan bene ya miƙe ya kaɗe riga. Wasu azzalumai sun addabi wani gari suna ƙwace wa mutane hatsi, kowa ya sunkuyar da kai, sai ga shi ya shigo ranar kasuwa. Ya kama biyu ya gwara kawunansu, ya tumɓuke bishiya ya share goma da ita, ya ɗaga shugabansu da hannu ɗaya ya cilla shi kan rumfuna. Da ya gama mutanen gari suka kawo masa abinci. Bai ci ba, bai ce musu uffan ba, ya juya ya kama hanya shi kaɗai.

Wallahi na so mutumin nan. Wanda bai san tsoro ba ba zai gane ba. A ce akwai wani a duniya da ba abin da ke sa gabansa faɗuwa, kuma ƙarfin nan nasa bai taɓa juya shi kan talaka ba. Na yi kwanaki in ina daka sai in tuna shi, in ji hannuna ya ƙara ƙarfi.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Na ce, "Direba, rumfunan da ya cilla mutum a kai fa, na wa ne?"

"Na 'yan kasuwa mana."

"To in akwai mai tukwane a ƙarƙashi?"

"Amaryata, ana zancen maza kina zancen tukwane. Ba a nuna ta ba."

"Ba a nuna ta ba, amma ai tana nan."

Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce da ni za a ba wa silima da rabinta shara ce.

Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai daga baya. Mu ba a yi mana tatsuniya da rana, kuma duk wadda ta yi maka tatsuniya in ta kai ƙarshe takan rufe ta, ta faɗa maka da bakinta cewa ƙarya ce ta shirya. Yaro ya tashi ya san abin da ya ji ya ƙare a nan. Labarin direba kuwa da rana tsaka yake zuwa, kuma ba shi da marufi. Yarinyar nan tana durƙushe a gabansa baki buɗe ta ce, "Baffa, da gaske ne?" Ya ce, "Da idona na gani." Bai yi ƙarya ba, da idonsa ya gani.

Ba a jima ba abin ya fito. Wata yarinya 'yar gidan mahauta, wadda ta girme ta, ta ƙwace wa wata 'yar ƙarama ƙuli-ƙulin tallanta guda biyu tana ci tana dariya. Ina kallo ta tsaga. Sai ga yarinyar nan. Ta tako a hankali, irin takun da baffanta ke gwadawa, ta sungumi 'yar mahauta ta ɗaga ta sama ta maka da ƙasa. Sannan ta kaɗe zanenta ta juyo gida, ko 'yar ƙaramar da ta yi dominta ba ta kalla ba.

'Yar mahauta ta samu targaɗe a hannu. Uwarta ta aiko mini da magana mai zafi, na aika da ban haƙuri da man zafi, maigidana ya je ya sami uban. Manya suka shirya. Na ɗauka an gama.

Da hannun ya warke aka dawo gaɗa. Aka zagayo kan yarinyar nan, ta fito ta taka, ta juya baya ta faɗo. Sai na ga hannuwa sun janye gaba ɗaya, kamar an zare su da igiya. Ƙarar da ƙeyarta ta yi a ƙasa har yau in na tuna sai haƙorana sun yi sanyi. Shinkafar da ke cinyata ta zube. Na miƙe, na kai bakin zaure, na tsaya. Ba na fita, kuma ko da ina fita, uwa ba ta rugawa kan 'yar fari a gaban jama'a.

Ta tashi da kanta. Ba ta yi kuka ba. Ta shigo ta zauna jikin turmi, ƙeya ta yi ƙulu kamar ƙwan zabo. Na ɗebo man shanu na shafa mata, fuskata tana kallon wani gefen, ina faɗa, "Maganinki ke nan, gobe ma ki ƙara."  Ta ce, "Ba zafi. Mutumin silima ma ba ya kuka."

Daga ranar ba ta sake zuwa gindin ɗorawa ba, ba kuma wadda ta leƙo ta kira ta. In an fara tafi sai ta shiga ɗage-ɗage a tsakar gida: ta mirgina turmi daga nan zuwa can, ta ɗaga dutsen niƙa ta ajiye. Ta daina cin abinci tare da kowa, sai ta ja kwanonta bayan rumbu. Wannan ya fi ƙulun tayar mini da hankali. Ƙulu zai sace. Amma 'ya mace a ce ba ta da ƙawa ko ɗaya a unguwa? Ni na san abin da ƙawaye suka yi mini a rayuwa, na san wa ya kwana a kaina ranar da na haife ta. Na dinga hango ta ta girma, ƙatuwa, kowa yana kauce mata a hanya, ba mai shiga ɗakinta. Kuma ba ni da bakin da zan zaunar da ita in ce mata, 'yata, ga abin da nake tsoro.

Muna da maƙwabciya, wata tsohuwa Bakambariya daga wajen Nasko, tana zaune gun ɗanta tana sayar da daddawa. Ranar Lahadi takan tafi coci, sauran kwanaki tana shiga gida-gida da ƙwaryarta a kafaɗa irin ɗaukarsu. Iya muke ce mata. Hausarta da karin harshensu, in ta yi magana kamar tana rera ta. Ta shigo ta same ni na yi tagumi.

Na ce, "Iya, yarinyar nan ce."

"Wace yarinya? Yara sun cika gari."

"Wadda kika sani."

"Ku dai Hausawa! Ku sha wahala ku haifi abu, sannan ku riƙa yi kamar a bola kuka tsince shi. To faɗi, ɗiyata, ina ji."

Na kwashe duka na faɗa mata, har da mutumin silima. Ta sa na maimaita mata wurin bishiyar nan, ta tafa hannu ta ce, "Kai, namiji!" Sannan ta ce in sa maigidana ya kawo buhun gyaɗa mai ɓawo, in aika gidaje a ce ina neman 'yan mata su taya ni ɓara bayan magariba, akwai ɗanwake.

Ɗanwake ya kawo su, har da 'yar mahauta. Suka zauna a tabarma suka bar fili tsakaninsu da yarinyar nan, wanda mutum biyu za su iya kwanciya a ciki. Iya ta zo ta zauna a filin nan ta miƙe ƙafa. Ta buɗe da harshensu yadda suke buɗewa, sannan ta juyo Hausa.

Ta ce a wani gari a gindin dutse an yi wata mata, in ta yi daka turmi ke tsagewa, in ta yi tuntuɓe da kututture shi ke tashi. Ba muguwa ba ce. Ba ta son zalunci ko kaɗan, sai dai in ta ga ana faɗa ba ta tambaya, wurgi take yi da mutum. Har aka kai in ta doso rijiya mata su kwashe tulunansu. Wata damina ruwa ya zaizaye gindin dutsen, wani ɓangare nasa kamar gari guda ya ɓalle ya gangaro. Kowa ya ruga. Ita ta tsaya ta kafa ƙafa ta tare shi, ta ɗora shi a kafaɗa. Gari ya tsira.

Yarinyar nan ta daina ɓara. Na ga ta ɗago kai.

Iya ta ce, "To, ta ɗauka. Saura me?"

Wata ta ce, "Ta sauke."

"Ke in kin ɗauko itace mai nauyi, ya kike saukewa?"

"Sai in ce a kama mini."

"To ita ba ta taɓa cewa a kama mata ba, ba ta san yadda ake faɗa ba. In ta saki nan, gidaje. In ta saki can, rumbuna. Bayanta rijiya. Ta tsaya da dutse a kafaɗa, rana ta fito ta faɗi, ƙafafunta suna nutsewa. Mutanen gari suka taru daga nesa suna kallo, wasu har suna cewa Allah ya ƙara."

'Yar mahauta ta ce, "Ni ma da haka zan ce."

Iya ta ce, "Madalla. Sai ki je ki faɗa a ɗakinku, don ɗakinku ne a ƙarƙashin dutsen."

Aka kwashe da dariya, har ita.

Iya ta ce a garin akwai mutum uku da ba a ɗauke su bakin komai ba. Akwai makauniya mai jin cikin ƙasa da tafin ƙafarta, ta san inda zai lotsa da inda ba zai lotsa ba. Akwai gurgu da ya daɗe a zaune a ƙasa har ya iya maganar gara. Akwai tsohuwa mai kunu, wanda duk ya sha kununta barci ba ya ɗaukarsa. Makauniya ta zo ta kama bakin zanen mai ƙarfin nan ta ce, biyo ni, inda na taka nan za ki taka. Ta ja ta sannu-sannu har bayan gari inda ƙasa ke da tauri. Gurgu ya kwanta ya yi magana da gara, suka fito suka fara gina suri a gefenta don ya taso ya tokare dutsen. Tsohuwa kuma ba ta kai bakin matar ba, sai da mutanen gari suka zo suka durƙusa, wani ya hau wani, ta taka bayansu ta hau da ludayi.

Yarinyar nan ta yi magana, karo na farko a daren. "Ita kuma me ta yi?"

"Ta tsaya."

"Shi ke nan?"

"Ke kin san aikin gara? Ƙwayar ƙasa ɗaya-ɗaya. Damina ta wuce, aka yi girbi, tana tsaye. Ƙuda ya sauka a hancinta ba dama ta girgiza. Gara suna bin ƙafarta suna yi mata susa, in ta motsa ta take su aiki ya koma baya. Ɗaukar dutse ai wasa ne a gunta. Tsayuwar nan ce ba mai iyawa a duniya sai ita."

"Da ni ce da na jefar."

"A kan wa?"



Iya ta ce ranar da suri ya taɓa dutsen, matar ta zame kafaɗarta a hankali ta fito, wuya ya ƙi miƙewa. Matan da ke gudunta a rijiya su suka dafa ruwa suka gasa mata. Daga nan Iya ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ƙarya ce na shara muku tun daga farko har ƙarshe, ba dutse ba gara. Ku kwashe mini ɓawon nan."

Ni dai ina bakin murhu ina ba jariri nono, na rasa inda zan sa kaina don daɗi. Tsohuwar nan ba ta rage wa mai ƙarfi komai ba, ba ta sa an kashe ta ko an kunyata ta ba. Ƙarfin nata ma shi aka fi bukata, sai dai an ba shi wurin tsayawa a cikin na mutane. Yaran suka tafi suna gardama, wata ta ce makauniya ce gwana, wata ta ce gurgu, 'yar mahauta ta ce ita tausayin wanda ke can ƙasa take ji, wanda kowa ya taka bayansa.

Na ɗauka washegari za su zo kiranta. Ba su zo ba. Ita ma ba ta fita ba. Abin da ya canza kawai, ta bar mirgina turmi, in an fara tafi sai ta zo ta tsaya jikin darni nesa da ni kaɗan, ita da tsagarta ni da tawa, ba mai kallon wani.

Ana haka direba ya dawo. Tun kafin ya nemi ƙanzonsa na tare shi da labari. Wasan ya fita daga fuskarsa. Ya ce, "Amma ai gaskiya ta bi, ƙwace aka yi wa ƙaramar."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa ban san me zan ce mata ba."

Iya tana nan ranar, ta ce kada a bari ya tafi sai ya yi mata silimar nan ta ji da kunnenta. Ya yi mata, ya fi na farko kyau. Tsohuwa tana ihu tana kare kanta in ya ɗaga taɓarya. Da ya kai wurin da baƙon ya ƙi cin abinci sai ta ɓata rai ta ce, "A'a, nan ya yi rashin kunya. Matan nan sun sha hayaƙi." Ya ce ai don kada a ce don abinci ya yi. Ta ce ko loma ɗaya ce ya ci, a san mutum ne. Ya ce da ya zauna ya ci da an saba da shi, azzalumai su daina tsoronsa. Ta yi tunani ta ce, wannan kuma da gaskiyarka, ɗan nan. Ita ma ta ba shi nata a gajarce, ya ce in aka sa wannan a silima 'yan kallo za su farfasa benci kafin gara su gama gini. Ta ce shi ya sa ake yin nata da gyaɗa a gaba.

Sai ya kira yarinyar nan ya zaunar da ita a gabansa. Ya ce, "Akwai abin da ban faɗa miki ba. Mai haska silimar abokin direbanmu ne, na tambaye shi yadda mutum ke dirowa daga bene bai karye ba. Ya ce akwai ƙarti a ƙasa riƙe da bargo mai kauri, sun ja shi ta kowane gefe. A ciki yake faɗawa. Ba a nuna su ne kawai."

Ta dube shi. Ta ce, "Ashe cafe shi ake yi?"

"Cafe shi ake yi."

"Da sun janye fa?"

"Da ya fashe kamar kabewa."

Sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar da ƙeyarta ta bugu. Ta kifa kai a gwiwarsa tana yi, har da shessheƙa. Na ji tausayinta, na kuma ji wani abu kamar an rage mini ni ma, don ni ma na jingina da mutumin nan. Direba yana bubbuga bayanta ya ce, "Ke, amma fa tsallen shi ya yi. Bene ne fa. Ni ko an shimfiɗa katifa goma ba zan diro ba." Na ji daɗin da ya faɗi haka.

Ba ranar ta fita ba, sai da aka kwana biyu. Ba wanda ya aike ta, ba wadda ta kira ta. Aka fara tafi, ta ɗaura zane ta fita, ta je ta tsaya a can ƙarshen layin masu cafewa ta miƙa hannu. Suka dubi juna. Ba su kore ta ba, ba su kuma yi mata magana ba. 'Yar ƙaramar nan mai ƙuli-ƙuli ta fito ta taka, da za ta faɗo sai ta karkata ta faɗo ta gefen da yarinyar nan take. Yarinyar nan ta tare ta tare da na kusa da ita, suka cilla. Yarinya ta tashi sama har ta taɓo ganyen ɗorawa, ta dira tana ƙyalƙyala dariya tana cewa a sake.

Kafin magariba sun tura ta tsakiyar layi, inda nauyi ke sauka. Kowa na son ta faɗo a kan hannunta. Na lura da yadda ta koyi abin: in ta cilla da dukan ƙarfinta yarinya takan karkace a sama, don gefenta ya fi na sauran tashi. Sai ta dinga ragewa, tana jiran hannuwan da ke kusa da ita su tashi tare. Ba wanda ya koya mata.

Amma in aka zagayo kanta sai ta ce a wuce. Yau a wuce, gobe a wuce. Sau ɗaya ta fito ta taka ta juya baya, sai ta waiwaya, ta koma layi. Na gane tsoro take ji, irin nawa, kuma ban taɓa ganinsa a jikinta ba sai ranar.

'Yar mahauta ce ta gaji. Wata la'asar ta tura ta tsakiya da hannu biyu ta ce, "Dalla fita, kin ishe mu. Kullum ke ce mai cilla mutane, mu ma muna so mu ga ko kina tashi." Ta juya ga sauran ta ce, "Ku matso, buhun gero ne zai faɗo."

Suka matso suka haɗa kafaɗa. Tafi ya yi ƙarfi. Yarinyar nan ta taka, ta taka, ta juya musu baya. Na ga ta runtse ido. Ni ma na so in runtse nawa, ban iya ba. Ta faɗo.

Ba su iya cilla ta ba. Nauyinta ya tafi da su gaba ɗaya, suka zube a ƙasa wata kan wata, ƙafafu a sama, ɗankwali a ƙasa. Amma ba hannun da ya janye. Kanta a kan cikin 'yar mahauta ya sauka, wadda ke ƙasa tana ihu tana dariya tana cewa, "Ku ɗaga mini ita, ta kashe ni! Wallahi gobe sai an kira 'yan gidan liman su ƙaru!" Yarinyar nan tana kwance a kansu ta ƙi tashi, tana dariya har da hawaye.

Aka kira sallar magariba suka watse. Ta shigo jikinta duk ƙasa, ta ɗauki kwanon tuwonta ta tsaya a tsakar gida, ta ce da bango, don ita ma ba ta saba yi mini magana kai tsaye ba, "Wai in kai gidan mahauta mu ci tare."

Na ce da murhu, "A ƙara mata miya tukuna."